Wayar Umma a Kan Firij

Jama'ata, yau ba da fara'a na zo muku ba. Tun da na buɗe shafin nan ban taɓa faɗa muku sunana ba, ban taɓa sa hotona ba, ko ɗan yatsana ban bari ya leƙo cikin hoto ba. Wasunku sun roƙa har sun gaji, wata ma ta rantse wai ni ƙaton gardi ne da gemu nake yaudararku. Dariya kawai nake in wuce, don nan ne kaɗai inda nake buɗe baki ba wanda zai ce min, "Auta, rage murya." To yau ina wannan rubutu ne ina sane da cewa a cikinku akwai mutum ɗaya da ya san ni, ya san gidanmu, ya san har irin kukan da ƙofar kicin ɗinmu take yi. Kuma ranar Asabar ɗin nan manyansa za su zo neman aurena, in ban samu Umma ta hana ba.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ni ce auta a gidanmu, daga Yayata da ke gidan mijinta sai ni. Abbanmu ya rasu, gidan ya koma daga ni sai Umma. A shagon tabarau nake aiki, ina goge gilasai, ina gwada wa mutane firam, ina ce musu ya yi musu kyau ko da ya mayar da su kamar mujiya. A nan na haɗu da shi. Injiniya ake ce masa, aikinsa haɗa wa kamfanoni intanet. Hannun tabaransa ne ya karye ya kawo gyara, na ɗaure masa, ya yi godiya da wata murya can ƙasa, wadda sai ka matso kafin ka ji. Bai yi wata ɗaya ba ya san hanyar gidanmu.

Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin yana da kyau da tsafta. Kullum riga fara ƙal, guga kamar za ta yanke ka, turarensa ba ya hawa kai. Ba ya katse mutum in yana magana. Zai karkatar da kai ya zuba maka ido har ka gama, har ka fara jin kunyar yawan surutunka. Umma kuwa tun zuwan farko ya shige ranta. Safe da yamma sai ya kira ta ya gaishe ta, ya tambayi ciwon gwiwarta. Da ya ji tana ƙorafin wayarta ba ta riƙe caji, washegari sai ga caja mai doguwar igiya, ya ce ta riƙa barin ta a jone a kan firij, nan ne soket ɗin ya fi kyau.

Yaya cewa take, "Ke Auta, namiji mai sauraro a wannan zamanin? Riƙe shi da hannu biyu. Nawa in ina magana ƙwallo yake kallo."

Abin ya fara ne da takalmi. Wata safiya ina kicin ina haɗa shayi, igiyar takalmina ta tsinke, na ja tsaki na ce, "Shi ke nan, ruwan tokar nan ma ya mutu." Da yamma sai ga ɗan aike da kwali. Takalmi ruwan toka, daidai ƙafata. Umma ta ɗaga hannu sama tana cewa, "Ikon Allah! Jininku ne ya haɗu." Ni ma na yi murmushi, har na ɗan ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗauka a ƙafata ya ga tsohon ya kusa.

Sai abin ya ci gaba. In na ce ina sha'awar lemo, lemo zai zo. In na yi mitar zafin ɗakina, sai ga ƙaramar fanka. Ranar da na yi wa Umma gulmar manajanmu, da yamma ya ce min, "Ki riƙa haƙuri da manya a wurin aiki." Na tambaye shi wa ya faɗa masa, ya yi ɗan murmushin nan nasa ya ce fuskata ce ta faɗa.

Ranar da na fara jin tsoronsa kuwa ba zan manta ba. La'asar ce, Umma na ɗaki ta kwanta, ni ina kicin ina yanka albasa. Ban san me ya tuno min da Abba ba, sai kawai kuka ya ƙwace min, na dafa kantar kicin na ce a hankali, "Abba, da kana nan." A hankali fa, wallahi ko wanda ke falo ba zai ji ba. Ban ma share ido ba wayata ta yi ƙara a aljihun rigata. Saƙo ne daga gare shi.

"Allah ya jiƙan Abba. Ki daina kuka, ina nan."

Na ajiye wuƙar. Na waiga bayana, na kalli taga, na kalli silin. Ba kowa, daga ni sai gurnanin firij da famfo yana ɗiga. Na bar albasar na fice daga kicin ɗin.

Ku da kuke bina kun san ni ba baƙuwar waya ba ce. Nan take na ce wayata ce, ya sa min wani abu. Na sauya kalmar sirri ta kowace manhaja, na sa ta yadda sai an turo min lamba kafin a shiga. Na duba duk na'urorin da ke jone da asusuna na fitar da su. Na hana kowace manhaja amfani da makirfo. Na yanki filasta na liƙe kyamarar gaba, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko wayar ce ta ji ciwo. Daga ƙarshe na kwashe hotunana na goge wayar gaba ɗaya ta koma kamar sabuwa. Babban tsorona shafin nan ne. In ya gano ni ce nake rubuta muku cewa ban tabbata ina son sa ba, in Umma ta ji abubuwan da na faɗa a kan zaman gidanmu, ina zan sa kaina?

Bayan duk wannan wahala, da safe na ce wa Umma gilashin agogona ya tsage. Da yamma ya tambaye ni ko in kawo ya kai gyara.

Na kira Yaya na faɗa mata. Ta saurare ni, sannan ta kwashe da dariya.

"To ke miye matsalarki? Mutum ya san abin da kike so, laifi ne?"

"Yaya, ya san abin da ban faɗa masa ba."

"Umma ce ke tsegunta masa, sakarya. Kin san ta da ɗan nata Injiniya."

"Har kukan da na yi ni kaɗai?"

Sai ta ce, "Auta, ki rage karance-karancen nan, suna taɓa miki kai. Asabar ta kusa, kada ki ja mana abin kunya. Kin zaɓi mayafin da za ki sa?"

Na kashe wayar ina huci. Tun da kowa ya mayar da ni mahaukaciya, na ce bari in ɗana masa tarko. Na tura wa Yaya saƙo cewa kaina ke ciwo tun safe, har da hoton fuska mai kuka. Sannan na kashe wayata na kulle ta a durowar shago, na dawo gida hannu rabbana. Na jira Umma ta shiga wanka, na ji ƙarar ruwa, na shiga kicin na kama kumatu na ce da ƙarfi, "Wash, haƙorina!" Ba kowa a wurin. Ni kaina na ji kunyar kaina, ƙatuwa da ni ina yi wa tukwane wasan kwaikwayo.

Washegari ina goge wani firam sai ga shi ya turo ƙofar shago, farar rigarsa na ɗaukar ido. Ya ajiye 'yar leda a kan gilashin kanta.

"Na wanke baki ne, yana rage zugi. Na kuma yi magana da wani likitan haƙori, zai duba ki in kin tashi."

Ko kalma ɗaya bai ce a kan ciwon kai ba. Na kalli ledar, na kalle shi, na ce na gode, muryata kamar ba tawa ba. Ashe ba wayata ba ce, kicin ɗin ne.

Ranar hutuna Umma ta tafi asibiti duba gwiwa, gidan ya zama nawa. Rana tsaka ce, haske ko'ina, amma wallahi da sanɗa na shiga kicin ɗin kamar ɓarauniya. Na fara daga ƙasa. Na jawo tukwane ɗaya bayan ɗaya, na leƙa bayan tukunyar gas, na zazzage kwandon albasa, na shafa ƙarƙashin kantar kicin har gizo-gizo ya hau hannuna. Na taka kujera na kwance ƙwan fitila na jijjiga shi a kunne. Na buɗe agogon bango. Ban san ma kamannin abin da nake nema ba, a raina dai wani ɗan baƙin abu ne mai ƙyafta ido. Ban samu komai ba sai ƙura da wani cokali da ya ɓata tun Abba na da rai.

Na gaji na jingina da firij, na ɗora hannu a samansa don in huta. Sai na ji ɗumi.

Wayar Umma ce, ta manta da ita kamar kullum, a kife, a jone da doguwar cajar nan. Ta yi zafi kamar an ɗauko ta daga rana. Na juyo da ita don in cire cajin, fuskarta ta kawo haske. A sama an rubuta "Ɗana Injiniya." A ƙasan sunan lambobi suna tafiya, daƙiƙa tana bin daƙiƙa. Kiran gaisuwar safe ne, har yanzu bai yanke ba.

Sai a lokacin abin ya faɗo min. Umma ba ta kashe waya. Tun da aka saya mata ta farko haka take. In ta gama magana sai ta ce "to madalla," ta kife wayar ta ci gaba da aikinta. Mun yi mata tsiya ni da Yaya har mun gaji, ita kuma amsarta ɗaya ce: kashe wa mutum waya kamar rufe masa ƙofa ne a fuska, wanda ya kira shi zai kashe. Kowa ya sani, kowa yana kashewa, abin ya zama abin dariyar gidanmu.

Ban san me ya sa na kai wayar kunne ba. Da farko ƙarar madannan kwamfuta na ji, ƙas ƙas ƙas, can nesa wani yana magana, kamar a ofis. Sai ƙarar ta tsaya. Sai numfashi, a nutse, kusa sosai.

"Auta."

Na zame na zauna a ƙasan kicin.

"Kin gama aikin? Na ji kina ta jan tukwane. Ki yi hankali da tukunyar gas ɗin nan, tiyonta ya tsufa."

Na ce, "Ya aka yi ka san ni ce?"

"Umma in ta ɗauki waya tana ɗan haki. Ke kuma riƙe numfashi kike yi."

"Tun yaushe kake yin wannan?"

"Yin me? Ni gaisuwa nake kira. Umma ba ta kashewa, ni kuma ina jin nauyin in kashe wa babba waya. Sai in sa abin kunne in ci gaba da aikina." Ya ɗan yi dariya mara sauti. "Gidanku yana da daɗin ji, Auta. Ni kaɗai nake zaune, kin sani."

"Ba ka da kunya? Ba ka tsoron Allah?"

"Me na ɗauka na wani? Ba abin da na sa a gidanku, ba wayar da na taɓa. Kin wahalar da kanki kika goge taki a banza, har na tausaya miki." Ko ɗaga murya bai yi ba, kamar yana karanta min takardar magani. "Kuma rubutunki yana da kyau. Ranar da kika karanta wa Yaya wani kashi a nan kicin, layi ɗaya na riƙe na nema, sai ga shafin. Inda kika ce ba ki tabbata da ni ba ya ɗan sosa min rai, amma na fahimta. Tsakanin mata da miji ai babu ɓoyo."

Na danna jan madannin da ƙarfi har yatsana ya yi zafi. Na buɗe jerin kira. Sunansa ne daga sama har ƙasa, safe da yamma, kowanne na awanni. Na tuna duk abin da na taɓa faɗa a ɗakin nan. Gulma, waƙar da nake yi in ina wanke-wanke, faɗan da muka yi da Umma a kan aure, sirrin gidan Yaya da ta zo ta amayar tana kuka. Na ji kamar an yaye rufin gidanmu tun tuni, mu kaɗai ne ba mu sani ba.

Duk da haka, jama'a, wani sanyi ya ɗan sauka a raina. Na ce yanzu ina da shaida a hannu. Umma mace ce mai tsare mutuncin gidanta, ko labulen falo ba ta yarda a ɗage in baƙo zai wuce. Tana ganin wannan za ta ce Asabar ta rushe.

Ina nan zaune a ƙasa cikin tukwane na ji ƙarar ƙofa. Ta shigo tana ɗingishi, baƙin mayafinta a kafaɗa, ledar magani a hannu.

"Innalillahi! Auta, ɓarayi ne suka shigo?"

Na miƙe na nuna mata wayar. Na faɗa mata komai, takalmin, saƙon, haƙorin ƙarya, kiran da ba ya yankewa. Ina magana ina kuka ina haɗa kalmomi. Ta tsaya tana kallona har na gama. Ta cire mayafin, ta ninke shi biyu, ta sake ninkewa, ta rataye a bayan kujera.

"Kashe masa kika yi?"

"Umma, kin ji abin da na ce kuwa? Sauraronmu yake yi!"

"Na ji. Na sani."

Na ɗauka kunnena ne. "Kin san me?"

Ta ja kujera ta zauna tana murza gwiwa, ba ta kalle ni ba.

"Da farko mantuwa ce, irin tawa. Shi da kansa ya faɗa min. Ya ce, Umma, kin bar waya a buɗe, na ji Auta tana kuka tana kiran Abbanta." Ta ɗago, idonta ya kaɗa. "Ina kwance a ɗaki, bango ɗaya tsakaninmu, 'yata tana kuka ban sani ba. Sai bare ne ya faɗa min."

"Shi ne kika bar shi?"

"Na ce ya bari a haka. Abin da ya ji ya faɗa min."

"Umma!"

"Kada ki yi min ihu. Tun da mahaifinku ya rasu kika rufe min baki. In na ce me ke damunki, ba komai. In na shigo ɗakinki, ki kife waya. Ina jin ki kina dariya da mutanen da ban sani ba, ni kuwa sai ina kwana, sai sai da safe." Ta share ido da bayan hannu. "Yana karanta min abin da kike rubutawa. Na ji inda kika ce gidan nan ya zame miki kamar ɗakin jira na asibiti. Duniya duk ta san cikinki, ni da na haife ki sai an karanta min."

Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi. Kunya ta kama ni, tausayinta ya kama ni, haushi kuma ya taso ya danne su duka. Ina son matar nan fiye da kowa a duniya, kuma a lokacin ban taɓa jin tsoron wani mutum kamar yadda na ji nata ba.

Na durƙusa na dafa gwiwarta. "Umma, na yi laifi, ki yafe min. Daga yau komai zan faɗa miki, da bakina. Amma don girman Allah ki ce kada su zo. Mutumin da ya yi wannan tun kafin aure, in na shiga gidansa ko numfashi sai da saninsa. Ba zan iya auren sa ba."

Ta ɗora hannu a kaina. Na ji yatsunta suna shafa gashina kamar lokacin da nake ƙarama, har na fara sa rai.

Sai wayar ta ɗau ƙara a hannuna.

Mu biyu muka kalle ta. Umma ta miƙo hannu. Na ƙanƙame wayar na girgiza kai, ta ce, "Ba ni," da muryar da ba a yi mata musu. Na ba ta.

"Na'am, ɗana. Lafiya lau, an ba ni magani. Ka yi haƙuri da abin da ta yi, yarinta ce. A'a, ba komai. To madalla."

Ta miƙe da ƙyar, ta taka zuwa firij, ta jona cajar, ta kife wayar a inda take zama. Ta dawo ta zauna ta gyara zaninta.

"Kin ce daga yau babu ɓoyo. To maimaita abin da kika faɗa min, kowa ya ji."

Na ɗaga kai na kalli wayar. Firij yana gurnani, famfo yana ɗiga. Sai daga can sama, ƙasa-ƙasa, ta cikin wayar da ke kife, muryarsa ta fito.

"Ina jin ki, Auta. Ki yi a hankali, ba inda za ni."